Gida a Bakin Teku: Inda Ake Gina Bango Don Ya Faɗi

Yau bakin teku muka nufa, wurin masu zana wa iyali gida irin na zamani: farin fenti, manyan tagogi, baranda mai kallon ruwa. A hoto sai ka ce ado kawai aka zauna aka yi, amma kusan duk abin da ido ya gani, gishiri ne ko iska ko ruwa ko yashi ya ce a yi shi haka. Mai gida ke biya, teku ke zana!

Mu fara da ƙusa. Iskar teku tana tafe da gishiri, don haka ƙusar da za ta tsufa lafiya lau a rufin Kano, in aka kafa ta a Lekki ba da jimawa ba za ta fara zubar da jan hawaye a jikin farin bango. Tsatsa ba ta yin sallama.

Shi ya sa magina ke neman ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316, wanda aka gauraya shi da sinadarin molibdenum, tun daga sakata har zuwa mariƙin matakala. Ɗan'uwansa mai lamba 304, na tukwane da cokula, in ya kwana biyu a bakin ruwa sai ya yi ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa shayi. Araha ba ta ado, balle a unguwar gishiri.

Rodin da ke cikin kankare ma bai tsira ba: in gishiri ya ratsa ya same shi, tsatsar tana kumbura ta ninka kaurin ƙarfen, sai ta fasa simintin daga ciki. Maganinsa a ƙara kaurin kankaren da ya lulluɓe rodin, ya kai wajen santimita 5. A nan ƙadangaren ba ya jiran bango ya tsage, shi ne mai tsagawa.

Ga yashi shimfiɗe a ƙofar gida iya ganin ido, kyauta, amma injiniya ba zai yarda a kwaɓa siminti da shi ba saboda gishirin da ke jikinsa. Dole tipa ta kawo wani daga nesa, a biya kuɗin mota. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa!

Na'urar sanyaya ɗaki da ke waje ana yi mata wanka da ruwan famfo lokaci-lokaci don kada gishiri ya cinye haƙarƙarinta, haka ma tagogi da kwaɗon ƙofa. Mai zane mai hankali yakan sa famfo a kowace kusurwar gida. Gida ne mai son wanka fiye da agwagwa.

Kafin a sayi fili, masu gogewa sukan ce ka je ka gan shi sau biyu, don teku yana cikowa yana janyewa sau biyu a rana, kullum kuma yana makara da wajen minti 50. A Legas bambancin bai wuce kimanin mita 1 ba, amma a mashigin Fundy na Kanada yana kai mita 16. Da safe filin ƙwallo, da yamma gidan kifi.

A gaɓar Amurka, daga Karolina har Tekzas, za ka ga gidaje tsaye a kan dogayen turaku kamar zalɓe, ƙasan kuwa sai mota da kwalekwale da matakala. Ba don ƙawa ba ne, hanya aka bar wa ruwa ya bi ya wuce. Baƙon da ba ka iya hana shi shigowa, buɗe masa ƙofar baya.

Wanda ya fi burge ni shi ne bangon da ake yi wa wannan ƙasan: da gangan ake yinsa marar ƙarfi, yadda in igiyar ruwa ta doke shi zai ɓalle ya tafi shi kaɗai, bai ja turakun gidan ba. Birkilan da ya cika ƙwazo ya ƙarfafa shi fiye da ƙa'ida, laifi ya yi. Ina kuka taɓa jin an yaba wa bango don ya faɗi?

A wuraren da ruwa ke cikowa a hankali kuma, ana huda ƙananan kafofi a gindin bango, aƙalla biyu, don ruwan ciki da na waje su daidaita kada nauyin gefe ɗaya ya tura ginin. Lissafin Amurkawa shi ne inci ɗaya murabba'i na kafa ga kowace ƙafa murabba'i ta ɗakin. Faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa.

An ga amfanin turaku da bango mai ɓallewa a watan Oktoba na 2018, lokacin da mahaukaciyar guguwa ta share garin Mexico Beach na jihar Fulorida, ta bar wani farin gida tsaye cikin tarkace, mai turaku masu tsawon mita 12. Bangon ƙasa da matakalar sun tafi kamar yadda aka tsara, saman kuwa yana nan daram. Sai da tsani aka hau, amma an samu wurin hawa.

Mutanen Galveston a Tekzas sun sha tasu tun 1900, guguwa ta kashe sama da mutum 6,000. Da suka tashi gyara, sai suka ɗaga gine-gine wajen 2,000 da jak na hannu, har da coci mai nauyin tan 3,000, suka ɗura yashi a ƙarƙashi. Gari guda aka yi wa ɗori!

Tsohuwar fadar da ke tsakiyar Amsterdam ta Holan tana zaune ne a kan turakun katako 13,659 da aka kafa cikin taɓo tun ƙarni na 17. Itacen da ya nutse cikin laka inda iska ba ta kai masa ba ya ruɓewa, sai ran da ruwa ya janye ya bar kansa a waje. Wani rani ke kashe shi, wani damina.

Mutanen Holan ɗin dai, da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasarsu ke ƙasa da tsayin teku, suna da gidaje a Maasbommel da ke zaune a ƙasa lafiya, in ambaliya ta zo su taso su bi sandunan ƙarfe sama har mita 5 da rabi. Ruwa ya janye, su sauko su zauna inda suke. Ko tabarma ba a naɗewa.

A unguwar IJburg ta Amsterdam kuwa akwai gidajen da kullum a kan ruwa suke, don haka tun a takarda ake tambayar mai gida inda zai ajiye kaya masu nauyi, kada gidan ya karkace. Ku yi tunanin ranar jeren amarya, an jibge gado da kwaba da kwalla duk a ɗaki ɗaya. Sai dangin ango su koma ɗaya ɓangaren a samu daidaito!

Kada a ce dabarar ta Turawa ce kawai. Mutanen Ganvie a tafkin Nokoue na Jamhuriyar Benin sun kafa garinsu a kan turaku ƙarnoni da suka wuce don guje wa masu farautar bayi, har kasuwa a cikin kwalekwale ake ci, ga kuma Nzulezu a yammacin Ghana. Yaro ya iya tuƙi kafin ya iya gudu.

Sai iska. Rufi mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu jure wa guguwa, domin ta ko'ina iska ta zo sai ta zame, ba ta samun faffaɗan goshi da za ta mara. Hular da ta zauna daidai ba ta bin iska.

Guguwa ba danna rufi take yi ba, tsotse shi take yi sama kamar yadda fiffiken jirgi ke tashi. Don haka ake ɗaure kowane katakon rufi da bango da maɗaurin ƙarfe, bangon a ɗaure shi da turaku, turakun da ƙasa. Kowa ya riƙe ƙugun na gabansa, kamar wasan yara a dandali.

A kudancin Fulorida ƙofar gida waje take buɗewa, don in iska ta turo ta sai ta ƙara matse ta a jikin madogararta. Baƙo mai ƙwanƙwasawa dai ya ɗan ja baya. Hanci ya fi gaisuwa tsada.

Tun bayan wata guguwa da aka yi a 1992, gilashin taga a yankin Miami sai ya ci jarrabawa: a ɗura katako mai nauyin kilo 4 a wata bindigar iska, a harba masa da gudun wajen kilomita 55 cikin awa. An yarda ya tsage, ba a yarda ya huje ba, don akwai leda mai tauri a tsakanin gilasai biyun. Wanda ya faɗi, ba maimaita aji!

A tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu ana jera baƙaƙen duwatsu a yi katanga ba siminti ba laka, duk kafofi, iska ta bi ta ciki ta wuce ta bar ta tsaye, rufin ciyawa kuma a ɗaure shi da ragar igiya. Irin wannan hikimar ce ta sa shingen zamani na bakin teku ke da tsaga-tsaga. Mai danni da zana ya daɗe da sanin haka.

Yanzu mu shiga ciki, amma ku shirya hawa, domin gidaje da yawa a gaɓar Ostireliya da Ingila a kife suke: ɗakunan kwana a ƙasa, falo da kicin a sama inda ake hangen ruwa. Dalilin a lissafe yake, mai tsaye a kan yashi yana hango kusan kilomita 5 ne, wanda ya hau mita 10 kuwa yana hango 11. Tuwo ya samu ƙarin girma.

Sai dai gwiwar Hajiya Kaka ba ta san da wannan lissafin ba. Gidan da aka zana don iyali na gaske yakan tanadi ɗaki da bayi a hawa mafi sauƙi, ko a bar wani lungu da za a sa na'urar hawa bene nan gaba, kafin nan a riƙa ajiye tsintsiya a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Salon zamani yana son falo da kicin da wurin cin abinci duk a haɗe ba bango, haske da iska su yi ta yawo. Bahaushen da ke gini a Aja ko a gefen Akkara, wanda baƙi maza ke yi masa sallama safe da yamma, gara ya gaya wa mai zane tun wuri a fitar masa da falon baƙi mai ƙofarsa daban. Uwargida na soya kifi, ba ta gayyaci 'yan kallo ba.

Tsofaffin gidajen Charleston faɗinsu ɗaki ɗaya ne tak don iska ta ratsa, kuma ƙofar da ke kallon titi ba cikin gida take kai ka ba, doguwar baranda ce a gefe. Ka shiga, amma ba ka shiga ba tukuna. Zaure ne ya je Amurka ya sa kwat!

A Okinawa ta Japan, da ka wuce ƙofar gida sai ka ci karo da guntun bango da ake kira hinpun, wanda ke tare idon masu wucewa da kaifin iska. Mutanen wurin sun ce miyagun iskoki ma a miƙe suke tafiya, ba su iya kwana ba. Bango ɗaya, iska iri biyu.

Alhazan da suka zaga tsohuwar Jidda sun ga rawashin, tagogin katako masu ƙananan huji da suka leƙo kan titi: iska ta shiga, rana ta tsaya waje, na ciki ya ga na waje, na waje bai ga kowa ba. A nan ake ajiye tulun ruwa ya yi sanyi. Labule ne da firiji a jiki ɗaya.

A Lamu da Zanzibar ɗakunan dā dogaye ne sirara, domin faɗinsu bai wuce tsawon sandar itacen gaɓar teku da ake ɗora rufi a kai ba, wajen mita 3. Maginin soro da ya saba auna ɗaki da tsawon azara zai gane wannan ba tafinta, ga kuma baraza a ƙofar gida, wato dakalinsu na hira. Ashe majalisa ma tana da reshe a can.

Sawakin ta Sudan, inda kakanninmu mahajjata ke jiran jirgin ruwa zuwa Jidda, an gina ta ne da dutsen murjani da aka ciro daga Bahar Maliya, mai buƙatar shafen farar ƙasa a kai a kai. Da harka ta koma Port Sudan a farkon ƙarni na 20 aka daina shafen, sai benayen suka yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya. Gidan bakin ruwa ba ya son a yi masa yaji.

Iskar bakin teku tana da jadawali: da rana ta taso daga ruwa zuwa tudu, da dare ta juya. Mai zane yakan sa tagogi suna kallon juna don a ci moriyar zuwa da komowa, mutanen Perth ta Ostireliya ma har likita suke kiran ta yamma saboda yadda take warkar da zafi. Likitan da ba ya karɓar kuɗin kati!

Laima kuwa ba a ganinta sai aikinta. Shi ya sa ƙyauren kwaba ke da tsaga-tsaga don kaya su sha iska, in ba haka ba takalmin fatar da aka ajiye tun sallah sai a tarar ya yi gemun fumfuna. Kilishin tsaraba ma a cinye shi da wuri, kafin ya koma tsumma.

A kicin, gishirin da ya addabi gidan daga waje shi ma laima tana dunƙule shi a cikin kwalba, sai an jefa masa 'yan ƙwayoyin shinkafa. Gaba da gabanta!

Yashi shi ne baƙon da ke shigowa a ƙafar kowa, don haka kusan kowane gida yana da shawa a waje kusa da matakala, da wurin rataye tawul. Mu da muka saba da buta a bakin ƙofa ba sai an yi mana bayani ba. A wanke ƙafa, a zauna lafiya da mai shara.

Launin daɓen ma da dalili: ana zaɓen katako ko tayil mai kalar rairayi don abin da ya tsere wa shawa ya ɓace a ciki, kujeru kuma a sa musu rigar da ake tuɓewa a wanke. Baƙin tayil mai sheƙi kuwa yana nuna sawun kowa, har na kyanwa. Ɗan sandan ciki ne a shimfiɗe.

Ɗakin yara sau da yawa kamar cikin jirgin ruwa ake yinsa, gadaje hawa-hawa manne da bango, kowanne da 'yar fitilarsa da aljihun ajiye kaya. Ɗaki ɗaya ya kwashe jikoki shida ko takwas lokacin hutu. Rigimar kawai ita ce wa zai hau sama.

A Karolina ta Kudu da Jojiya ana shafa wa silin baranda shuɗi mai haske, al'adar da ake dangantawa da mutanen Gullah, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma suka yi noman baba a can. Sun ce fatalwa ba ta ƙetare ruwa, in ta ga shuɗin sai ta juya, wasu kuma suka ce zanzaro ne ke ɗauka sararin sama ne ya fasa gini. Ko wanne ne, barandar ta yi kyau.

A tsibirin Nantucket na Amurka ana lulluɓe gida da ɓawon katakon sida ba fenti, gishiri da rana su mayar da shi ruwan toka mai sheƙin azurfa. Sabon gida yakan fito jawur cikin maƙwabta, kowa ya san baƙo ne, sai ya yi furfura ake lissafa shi ɗan gari. Wurin da tsufa ke ƙara kuɗin gida!

Ɗan dandamalin nan mai shinge da ke ƙololuwar rufin gidajen arewa maso gabashin Amurka, labari ya ce matan matuƙan jirgi ke hawa suna hangen dawowar mazajensu. Masana tarihin gini da yawa kuwa sun ce wurin tsayawa ne a zuba yashi cikin bututun hayaƙi in ya kama wuta. Labarin soyayya ya fi bokitin yashi farin jini.

Talakawan masunta na Equihen a arewacin Faransa ba su nemi mai zane ba: in jirgi ya tsufa sai a kife shi, a shafe shi da kwalta, a huda ƙofa da taga, iyali su tare. Abin da ya hana ruwa shiga ta ƙasa zai hana shi ta sama. Jirgi ya yi ritaya, ya samu sabon aiki.

Tsibirin Bamuda ba shi da kogi, don haka kowane gida rufinsa ne rijiyarsa: farin dutse mai hawa-hawa kamar matakala, yana rage gudun ruwan sama ya kai shi indararo ya zuba a tankin ƙarƙashin gida. Doka ta ce kashi 80 cikin 100 na rufin ya zama mai tara ruwa, da galan 8 na tanki ga kowace ƙafa murabba'i. A can hadari ne ɗan garuwa.

Mai haƙa rijiya kusa da teku kuma ya yi a hankali, domin ruwan daɗi yana kwance ne a kan na gishiri kamar mai a kan miya. In ka zuƙe mita 1 daga sama, na gishirin yakan taso wajen mita 40 daga ƙasa. Mai haɗama da famfo, shayinsa zai ba shi labari.

A Faransa dokar 1976 ta bar wa masu tafiya a ƙafa hanya mai faɗin mita 3 a bakin teku, ko da ta ratsa gefen filin attajiri, ta 1986 kuma ta hana sabon gini cikin mita 100 daga ruwa a wajen gari. Ka sayi gida, ka sayi kallo, amma teku na kowa ne. Ɗaga hannu ka gaida masu wucewa.

Karolina ta Arewa lissafi take yi: a auna abin da teku ke ci a shekara, a ninka sau 30, nan ne ƙaramin gida zai tsaya, wato in yana cin mita 2 sai ka ja baya mita 60. Mutanen Keta a Ghana, da ruwa ya cinye musu unguwanni har da ɓangaren tsohuwar ganuwar Turawa, sun san ba wasa ba ne. Maƙwabcin da ke matso da iyaka, kuma ba alƙalin da zai kira shi.

In ja da baya a takarda bai isa ba, sai a ɗauki ginin ɗungurungum. A 1999 an tura hasumiyar fitilar jirage ta Cape Hatteras, mai nauyin kusan tan 5,000, a kan dogo har mita 880 cikin kwana 23, ana goga wa dogon sabulu don ya yi santsi. Tafiyar hawainiya, amma ta isa!

Ciyawar da ke kan tudun yashi a gaban gida ba ta nomewa ba ce, saiwarta ce ke riƙe tudun, tudun kuma shi ne katangar farko. A Fulorida tsinke ta laifi ne, sai dai a yi gadar katako a bi ta samanta zuwa ruwa. Akuyar da ta je can, da lauya za ta dawo.

Itacen kwakwa yana ƙawata hoto, amma mai tsara tsakar gida ba ya dasa shi kusa da wurin ajiye mota ko inda yara ke wasa. Kwakwa ba ta faɗin ranar saukowa.

Har fitilar baranda akwai mai ita. 'Ya'yan kunkurun teku in sun ƙyanƙyashe da dare, wuri mafi haske suke bi don su kai ruwa, farin ƙwai kuwa sai ya ja su zuwa titi, shi ya sa garuruwan gaɓar Fulorida ke sa a yi amfani da fitila mai ruwan goro a sunkuye, gilashin da ke kallon teku kuma kada ya fitar da fiye da kashi 45 cikin 100 na hasken ɗaki. A ja labule, jarirai na wucewa!